Kwalbar Kwatano

Mun tashi da asuba daga tashar Tasawa, kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin matata Rabi. Mu goma sha ɗaya a bayan wata tsohuwar mota, da akuya guda wadda ta fi kowa samun wuri. Kuɗin mota ya kusa ninkawa. Direba ya ce tsadar esansi ce, wato man mota, wani tsoho ya ce a'a, zuciya ce.

Saƙo nake ɗauke da shi zuwa ga yayarta, a wani ƙauye gaba da Kanan-Bakashe. Mahaifinsu basarake ne. Lokacin yaƙin Biyafara, da aka koma fitar da gyaɗa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya tafi can da iyalinsa wata biyu. Rabi ta bi, yayar kuwa ƙyanda ta tsare ta a gida. Sai ta roƙi ƙanwarta abu ɗaya: ruwan teku a kwalba.

Shekara da shekaru Rabi tana ba ni labarin wurin. An shimfiɗa darduma bisa yashi, dogarai na riƙe da laima, ana fasa kwakwa, rediyo na ƙirga gawawwakin maƙwabta, teku kuma na ta zuwa yana komawa. Sai a ciwonta na ƙarshe ta gaya mini sauran. Tsoro bai bar ta ta kusanci ruwan ba ko sau ɗaya. A hanyar dawowa ta cika kwalbar da ruwan rijiya, ta zuba gishiri. Ta ce in faɗa wa yayarta, in nemo mata gafara.

Jandarmomi sun tsayar da mu sau biyu, suka duba takardu, suka soki buhuna. Gonaki duk sun zama fili, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mata na tsinkar ganyen jiga a bakin hanya don abinci. A kasuwar Kanan-Bakashe jar dawar taimako kaɗai na gani a tiya. Da rana ta take, kawalwalniya ta kwanta a gulbin da ya ƙafe, tana rawa. Na daɗe ina kallo.

Gidan sarautar zaure ne babba, rumbuna wayam. Yaya ta ba ni fura mai ruwa-ruwa, ta ba da haƙuri. Kwalbar na nan cikin adakarta, saura kwata. Duk jaririn da aka haifa a gidan sai an ɗiga masa a harshe, wai don ya yi nisan tafiya.

Na ce, “Yaya, Rabi ta aiko ni.” Na faɗi komai, idona a ƙasa.

Ta yi ƴar dariya, ta kira ni yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. “Mushe, kai da karatunka! Ni da na tashi a madafa, ban san gishirin Bilma ba? Ranar da ta kawo na gane.”

“To, me ya hana ki magana?”

“Yarinya ta rungumo kwalba tun daga Kwatano, ba ta fashe ba. In ce mata me?” Ta share ido da gefen mayafi. “Na yafe mata duniya da lahira. Amma kada ka gaya wa yaran nan.”

Washegari na samu motar gawayi zuwa Tasawa. Na wuce maƙabarta kafin in shiga gida, na durƙusa, na isar da amsa. Abin da na koyo kaɗan ne: shekara goma sha shida suna ɓoye wa juna abu ɗaya, kowacce don ta tsare zuciyar ƴar'uwarta. Ban gaya wa yaran ba.