Littattafan Yaya Sabo da Na Kai Kogi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, malamin kimiyya a jami'a, kuma har yau in na hau gadar kogin Haɗejiya sai na kau da kai.

Aikinsa lissafi ne tsantsa, daga biro sai littafi. Yana lissafa hasken da ƙananan abubuwa ke fitarwa, waɗanda silin gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Na taɓa tsokanarsa, na ce abin da ido ba ya gani me za a ci da shi? Ya yi dariya ya ce, "Habu, akwai hasken da ba ya tafiya. A jikin abin yake manne, da ka ɗan ja baya ya mutu. Sai wanda ya kusa taɓa shi ke samu." Littafi goma sha ɗaya ya cika, kowane shafi da Bisimilla a samansa.

Da ya rasu aka kawo su gida a akwati. A damina ta biyu ambaliya ta shigo mana, suka jiƙe suka manne. Baffa Ilu, ƙanin mahaifinmu, ya duba ya ce, "Sunan Allah ne a ciki, ba a barinsa ya ruɓe a ƙasa. A kai kogi." Na yi boko, na san shanyawa kawai suke so, amma na kasa yi wa babba musu. Da hannuna na zuba su.

Bara wani tsohon ɗalibin Yaya Sabo ya zo tun daga Kano. Ya ce sai yanzu masana a waje ke laluben hanyar da Malam ya bi, ko littattafan na nan? Na sa aka dama masa fura, na faɗa masa gaskiya. Ya ajiye ludayi, bai ƙara kurɓa ba.

Da Yaya zai ga yau, me zai ce? Ruwa na nan yana cin gonaki duk shekara, ɗalibansa masu kai kuwa sun tsallake ƙasashen waje. Ina jin shi sabon littafi zai nema, ni ba ni da irin zuciyarsa. An ce in ruwa ya zube ya bar tulu da sauƙi. Mu tulun ne ya fara fashewa, ruwan kuma ni na zubar.

Abin da ya rage maganar hasken nan ce da ya faɗa mini. Na maimaita wa 'ya'yana, suka yi mini kallon mai tatsuniya. Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ni kuma ya yafe mini.