Firam Mai Ramuka Tara

Shekara arba'in Mzee Masanja ya yi yana haɗa firam ɗin hoto a rumfarsa da ke bayan kasuwar birnin Mwanza. Hoton aure, takardar gama makaranta, hoton kakan da ya rasu, duk ta hannunsa suke bi kafin su hau bango. Alfaharinsa ɗaya ne: in ya rufe bayan firam, ƙura ma ba ta shiga, balle kyankyaso. Sai hotuna suka koma cikin waya. Aiki ya ɗauke, har ɗansa ya fara cewa ya rufe rumfar ya koma ƙauye.

Shagon da ke jikin rumfarsa na Nyanjige ne, mai gyaran kwamfuta. Tana da kwali cike da gilasan laftof waɗanda injinsu ya mutu, su kuwa lafiya lau. Takan ɗaura wa gilashi wani ɗan faranti mai wayoyi a baya, ta jona shi da kwamfutar tebur, sai ga hoto tar. Amma abin tsirara yake, ba mai saye.

"Baba, ka ɗinka masa riga mana," ta ce da shi wata safiya. "In ta yi, guda ashirin ne a kwalin nan, aikinsu duk naka. In ba ta yi ba, in aika birnin Dar a kawo mini firam na roba."

"Roba! A gabana kike cewa roba?"

Kwana biyu yana gogar katako. Ya saka gilashin, ya rufe baya ruf, ya bi kowace kafa da gam. Aka kunna. Kyau kam, ba magana. Sai dai kafin su shanye shayin da ke hannunsu, fuskar gilashin ta yi baƙi.

Nyanjige ta taɓa bayan, ta yarfe hannu. "Wayyo! Baba, ai ka dafa shi!"

"Ni na dafa? Kayanki ne dai ragwaye."

"Wannan ba hoton kakanka ba ne, numfashi yake yi. Sai ka huda bayan."

"Shekara arba'in ina toshe rami, yau ke za ki sa ni hudawa? Kyankyasan Mwanza su samu gidan haya?"

"To, bari in kira Dar."

Ya ɗauki abinsa ya koma rumfa, ya zauna yana hararar sa. Da rana matarsa, Mama Kabula, ta kawo masa ugali, wato tuwon masara, da kifi, ta kifa murfin raga a kai saboda ƙuda. Tururi na fita ta ragar, ƙudaje na zagaye a waje.

"Ci mana, tsoho. Kallon me kake yi?"

"Murfin nan, kina da wani a gida?"

"Me ya sa?"

Sai ya jawo almakashi, ya ɗauki murfin.

Washegari ya ajiye firam ɗin gaban Nyanjige: ramuka tara a jere, kowanne da raga daga ciki. Aka kunna tun safe, har la'asar hoto bai ɗauke ba. Ta taɓa bayan, ɗumi kawai. Ita da kanta ta ɗauko kwalin ta dire a rumfarsa.

Yanzu in ɗansa ya bugo waya ya ambaci ƙauye, sai ya ce, "Ka gaishe su, ina da aiki." Mama Kabula kuwa har yau tana bin sa bashin murfi.