Jirgin mahaifina ranar zaɓe

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke bakin kogin Haɗeja, abokina na ƙuruciya ya fito takarar kansila. Daga ranar na rasa sukuni. Yau a zo neman gudummawar buga fosta, gobe ta man mota, jibi ta atamfar mata. Ni kuwa albashina ko tsakiyar wata ba ya gani. Sai na koma bin bayan gari ta gonakin shinkafa don kada in haɗu da 'yan kwamitinsa, in isa aji da taɓo har gwiwa, malami guda.

Rannan ya ritsa ni a ƙofar masallaci bayan la'asar.

"Malam, daina ɓuya, na san aljihunka," in ji shi. "Ba kuɗi nake so ba, jirgin Baba nake so."

Zaɓen ya faɗo ne lokacin da ruwa ya cika fadama, kuma mutanen tsallake sai sun haye kafin su iso rumfar zaɓe a makarantarmu. Jirgin mahaifina kaɗai ke fito a mashigin. So yake a ɗauko magoya bayansa kawai, na abokin hamayyarsa su san ta yi. Don murnar an raba ni da maganar kuɗi, nan take na ce an gama.

Na tarar da mahaifina yana ɗinkin komar kamun kifi, na faɗa masa ina washe baki. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ka yi kyauta da jirgin da ba naka ba ke nan. Tun kakanka, a gidan nan ba a tambayar mai hayewa abin da zai kai shi tsallake. Je ka gaya masa, gudummawata ita ce ranar ba zan karɓi ko kwabo ba. Amma kowa zan ɗauka."

Kunya ta hana ni isar da saƙon. Na bar abokina ya gani da idonsa ranar zaɓe: tsoho da gora a hannu, ni ina kwashe ruwa da ƙwarya, jirgi cike da mutanensa da na abokin hamayyarsa kafaɗa da kafaɗa, suna tsokanar juna. Yana tsaye a gaɓa ya dube ni sau ɗaya, ya juya.

Da 'yar tazara ya faɗi, kuma kowa ya san ƙuri'un tsallake ne suka kayar da shi. Shekara uku ko gaisuwata ba ya amsawa, ni ma ban ga laifinsa ba.

Sai ranar da mahaifina ya rasu ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma. A nan na faɗa masa abin da bai sani ba. Ranar zaɓen nan, mahaifina bai samu jefa ƙuri'a ba. Ya koma ɗauko wata tsohuwa da aka bari a tsallake, kafin su iso an rufe layi. Muna ɗaure jirgi ya ce da ni, "Kai, na so in jefa wa yaron nan tawa."

Abokina ya sunkuyar da kai.

Yanzu ta waya ake neman gudummawa. In da hali in tura ɗan abin da ya samu, in babu in ce babu, na daina ɓuya. Ranar zaɓe kuwa babur nake fitarwa in yi ta kai tsofaffi rumfa, ban tambayi kowa wanda zai zaɓa ba. Abokina ma yakan zuba mini mai. Amma duk lokacin da na shiga layi, kewar tsohon nan takan kama ni. Da ma a ce yana bayana ne, in matsa in ba shi wurina.