Kwanon da Na Karɓe Ranar Sadakar Ukun Yaya Indo

Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, bayan la'asar, Abdulƙadir ya bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran mahaifiyarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Indo, maƙwabciyata ta shekara ashirin a Unguwar Dosa, kin tafi, kuma wallahi har da haushi a cikin kukana.

Shekara talatin kika yi kina auna ruwa da kifi a ɗakin gwaji na gwamnati. Ke kika zaunar da ni kika fahimtar da ni yadda zaiba, gubar nan da masu haƙar zinare ke aiki da ita, take gangarawa kogi, har teku. Ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani su sha, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya haɗiye ƙaramin. Gubar kuwa ba ta fita, sai dai taruwa. Kika ce kifin da ya fi girma shi ya fi kwasa, kuma ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikin mai juna biyu ta fi yi wa illa. Kin rubuta wa na sama da ke har kin gaji, ko "mun gani" ba su ce ba.

Sai kika koma bin gidaje. Duk inda aka yi wa mai juna biyu farfesun giwan ruwa, ki ɗauke kwanon, ki aiko da ƴan ƙananan karfasa daga gidanki. Da me muka saka miki? Muka laƙaba miki Hana-Daɗi. Ni ma na yi dariyar, Allah Ya yafe mini.

Ranar sadakar ukunki, Yaya, aka shigo da kula cike da farfesun ƙaton kifi, wai don girmama ki. Aka zuba aka miƙa wa Jamila, matar Abdulƙadir, da cikinta wata bakwai. A ɗakinki fa! A kan tabarmarki! Babu wadda ta ko ɗaga kai. Na tashi na karɓe kwanon daga hannunta. Wata daga bayana ta ce, "To fa! An binne Hana-Daɗi, ga wata ta tsiro."

Na karɓi sunan.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba Abdulƙadir da ƙannensa haƙurin rashinki. Allah Ya sauki Jamila lafiya. Jikan nan da ba ki samu gani ba kuwa, sauran wata biyu ya iso, kuma kullum sai na leƙa tukunyar uwarsa.