Shanun Malam Ja'e da Rahoton Litinin

Komai zan iya mantawa a shekarun aikina, amma ban da Asabar ɗin da na kai iyalan Darakta tsibiri. Lokacin ina matuƙin jirgin ruwa a wani dam da ke ƙasar Kazaure, ina mataki na huɗu, wato masinja kaɗai na ɗara a ofishinmu.

A tsakiyar dam ɗin akwai ɗan tsibiri mai ciyawa da giginya. Da damina, idan shuka ta rufe ko'ina, wani dattijon Bafulatani, Malam Ja'e, yakan ƙetare da shanunsa can don kada su yi wa kowa ɓarna. Ofishinmu ya san da haka tun kafin a ɗauke ni aiki. Ƙa'ida ita ce, in za a kai baƙi, sai na je tun jajibiri na gaya masa, ya kora shanu masu sabuwar haihuwa ɗaya gefen, domin saniya mai jego ba ta ƙyale baƙo kusa da ɗanta.

Ranar nan, cikin watan Agusta, sai ga Darakta daga hedkwata da hantsi, ba sanarwa. Ga Hajiyarsa, ga yara uku, ga darduma da kulolin abinci. Wai yaran sun ga tsibirai masu kwakwa da farin yashi a waya, sun hana shi sakat tun da aka ba da hutu.

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ko awa ɗaya in fara sanar da mai shanu."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ruwan gwamnati, jirgin gwamnati, sai na nemi izinin makiyayi? Ta da inji, Sabo."

A gaban matarsa da 'ya'yansa, wa ya isa ya maimaita? Na ɗaura wa yara rigunan ruwa, muka tafi.

Da isarmu yara suka bazu suna ihu, suna tsintar 'ya'yan giginya. Ina ɗaure jirgi, ashe autarsu Ummi, 'yar shekara biyar, ta hango ɗan maraƙi kwance a inuwa ta nufe shi a guje. Sai hucin uwar na ji. Innalillahi! Kafin in ɗaga ƙafa, Malam Ja'e ya fito daga cikin ciyawa, ya yar da sanda, ya faɗa kan yarinyar ya rufe ta da jikinsa. Saniyarsa ta kansa ta sa ƙaho ta wurgar da shi gefe. Haƙarƙarinsa ya karye, Ummi kuwa ko ƙwarzane babu.

Hajiya tana kuka tana sa masa albarka har muka dawo gaɓa. Ni na nemo mai babur muka kai shi asibiti. Darakta ko sannu bai ce masa ba.

Ranar Litinin aka kira ni ofis. A tsarinmu, duk haɗarin da ya auku a ruwa, matuƙi ne ke sa hannu a rahoto kafin ya tafi hedkwata. Na tarar an riga an buga shi. Wai makiyayi ya shiga tsibiri ba izini, shanunsa sun far wa baƙi, don haka a tashe shi cikin mako guda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya ceci Ummi."

Darakta ya ce, "Na tambaye ka? Ko a rubuta makiyayi, ko a rubuta matuƙin da ya kai yara wurin haɗari. Zaɓi ɗaya."

'Ya'yana shida a lokacin, kuma ba ni da wata sana'a. Na karɓi biro na sa hannu. Wallahi har yau in na tuna, kunyar kaina nake ji.

Ranar tashi, 'ya'yan Malam Ja'e suka ƙetaro da manyan shanu ta ruwa, ni kuma aka sa ni kwaso maruƙa a jirgi. Shi kuwa dattijon yana zaune a gaɓa, ƙirjinsa ɗaure da rawani, yana numfashi da ƙyar.

Ya ce, "Malam Sabo, an ce kai ka rubuta."

Na ce, "Ni na sa hannu, Baffa."

Ya dubi maruƙan da ke cikin jirgi, ya ce, "To. Ka sauke wancan ƙaramin a hankali, ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba."

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Tsakiyar damina ce, ba wurin kiwo ko ɗaya a kusa. Suka yi arewa ta wajen Babura, an ɗora shi a kan jaki, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, tuƙi ba wuya, cikin wata guda za ku iya. Wuyar tana ofis, ranar da babba ya yi kuskure ana neman ƙaramin da za a jingina wa laifin. Ni na ga mutumin da ya ba da ƙirjinsa don 'yar wani, kuma da hannuna aka kore shi.