Ban da Yaji

Ɗazu da la'asar jikana ya shigo da tsire a ƙunshe cikin takarda, ya ajiye a gabana yana murna, wai ya karɓi albashinsa na farko. Kafin ya kwance ƙunshin, ƙamshin ya riga ya iso: ƙuli, citta, kanumfari, da hayaƙin kitse. Na ce ya ɗauke. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke dai ba kya son abin daɗi." Yaran gida suka taya shi. Ban ga laifinsu ba. Mutum ɗaya ne ya san dalili, shi kuwa bana aka kai shi makwancinsa. Shi ya sa na ce a zauna a rubuta abin da zan faɗa, don ni ban yi boko ba. In kun ji muryata ta sarƙe, ku yi haƙuri. Kuka ba ya yi mini wuya yanzu.

A Gyadi-Gyadi aka haife ni, tun tana bakin gari, tsakaninta da Tarauni gonakin dawa ne da na gyaɗa. Babanmu mahauci ne, tukubarsa tana bakin titin Zariya. Yakan yanka nama falle-falle, ya soka a tsinke, ya birkita shi cikin garin ƙuli, ya kafa tsinkayen a toka suna kewaye da wuta, ba kusa ba, ba nesa ba. Yakan ce wuta ba ta gasa nama, hucinta ke gasawa. Direbobi sukan tsayar da manyan motoci don tsirensa. Amma kowa a gidanmu ya san naman ne kawai na Baba. Yajin na Inna ne.

Ita ke soya gyaɗa, ta matse mai, ta toya ƙuli, ta daka shi har ya yi laushi kamar garin kwalli. Sannan ta jera citta, kimba, masoro, kanumfari, barkono da gishiri a faifai. Ba ta awo da komai sai tafin hannunta. In ta tankaɗe, tsakin da ya rage a rariya namu ne. Da shi take yi mana kwaɗon zogale: ta dafa ganyen, ta matse ruwan, ta yanka albasa da tumatir, ta zuba tsakin ƙulin da ɗan man gyaɗa, ta cuɗa da yatsunta. Mu zauna a gindin bishiyar zogalen mu ci a kwano ɗaya, tana turo mini wajen da ƙuli ya fi yawa. Har yau ban ci abin da ya kwantar mini da rai kamarsa ba.

Ni kaɗai ce ta rayu a cikin 'ya'yanta. Bayana ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Mutane suka ce wabi take yi, wato yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa don ya wahalar da ita. Wadda ta fi kowa riƙe wannan magana ita ce kakata, uwar Baba, da muke kira Iya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tsabta, carbi ba ya barin hannunta, ba ta ɗaga murya. Ban taɓa jin ta kira Inna da komai ba sai "ke".

A shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ina 'yar kimanin shekara goma, Inna ta sake samun ciki. Duk daminar nan motoci masu lasifika suna yawo a unguwa, yara na bin su da gudu, ita kuwa tana tanadin yajin jegonta. Ku na yanzu ba ku san shi sosai ba. A da, in mace ta haihu, sai a yi ta gasa mata nama tana ci da yaji mai ƙarfi, tana shan kunun kanwa, don jinin da ta zubar ya dawo. Inna ta riƙa tsame mafi kyawun citta da kimba daga na kasuwa, ta haɗa da daddawa, ta daka, ta cika wani gwangwanin madara, ta ɓoye a bayan jeren kwanoninta. Wani lokaci takan buɗe ta shinshina mini, ta ce, "Wannan karon da ƙarfina zan tashi."

Ta haihu a ƙarshen damina, namiji. Haihuwar ta zo da gardama, ungozoma ta fito da tsummoki jiƙe da jini har na daina kallo. Baba ya kawo cinyar bijimi, ya rataye a rumfa. Kafin a hura wutar gashi, yaron ya koma. Ko suna bai kai ba.

Da aka dawo daga binne shi, Iya ta sa aka sauke cinyar, ta ce a mayar tukuba a sayar. Baba ya ce, "Iya, ai jinin ya zuba, ko da ɗa ko babu."

Ta ce, "Kai yaro ne. Me kake tsammani yake biyowa gidan nan? Gidan mahauta ya gani. Ya zo, a gasa, a ci, ya sha a nono, ya koma ya ba 'yan'uwansa labari. To bana ba zai samu ba. Ko romo kada ya shiga bakinta. In ya ga babu, ya daina zuwa."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya saɓa cinyar a kafaɗa ya fita.

Daga ranar Iya ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar ɗakin Inna. Nan take sallarta, nan take cin abincinta. Wankan ruwan zafi kuwa ba a fasa ba, safe da yamma, ungozoma na fyaɗa mata ganye har ta fito tana dafa bango. Abincinta kunu da zogale. Ni ke kwaɗawa, da hannuna da bai iya ba, wani lokaci gishiri ya yi yawa. Takan ci loma biyu ta ce ya yi daɗi. Tafin hannunta ya yi fari, leɓɓanta suka yi fari, in ta miƙe sai ta runtse ido tukuna.

Muna da maƙwabciya, mutuniyar kudu, Kirista, mijinta akawu ne. Takan sayi man gyaɗa wajen Inna. Da ta ji labari sai ga ta da langa cike da farfesun akuya, yana tururi, da wani ganye mai ƙamshi irin nasu. Ta ce a garinsu ma haka ake yi wa mai haihuwa. Ta leƙa ta ga Inna, ta ce wannan matar asibiti ya kamata a kai ta. Iya ta karɓi langar da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka, har ta raka ta zaure. Da ta dawo sai ta tafi bakin kwata ta tuttular, kaji suka taru. Ta wanke langar tas ta miƙo mini in mayar. Ta ce, "Kada ki ce don abincinsu ne. Matar kirki ce. Nama ne ba za a ci ba."

Inna tana kwance, ƙofa a buɗe. Ƙamshin ya yini a tsakar gida.

Baba ya gwada sau ɗaya, wannan zan shaide shi. Wata rana da azahar ya shigo gida, abin da bai saba ba, ya nufi ɗakin Inna, hannunsa a aljihu. Amma wa zai ɓoye wa uwar mahauci ƙamshin hanta?

"Me ke aljihunka?"

"Ɗan abin taɓawa ne, Iya. Na yarinya."

"To ga yarinyar. Ba ta."

Ya fito da ita, gasasshiyar hanta, da ɗuminta, an barbaɗe ta da yaji. Ya miƙo mini bai dube ni ba. Iya ta ce in zauna in ci a gabanta. Na ci yanka ɗaya, na ci biyu. Na ƙarshen, mafi girma, na tura shi cikin kumatu na riƙe, na miƙe kamar zan shiga ɗaki in ɗauko wani abu. Tunanina na yara shi ne in tofa wa Inna a hannu.

Iya ta kamo zanena. Ta ce, "Buɗe bakinki." Na buɗe. Ta duba, ta ce, "Haɗiye."

Na tsaya, yaji na cin harshena, yawu na zuba. Daga cikin ɗaki na ji muryar Inna, siririya, ta ce, "Haɗiye, 'yar nan. Ki ci mini." Na haɗiye. Baba ya riga ya fita.

Ana cikin haka ranar rantsar da sababbin shugabanni ta matso. 'Yan jam'iyyar da ta ci a wajenmu suka shirya biki a wani fili a Tarauni, suka kawo wa Baba shanu biyu, suka ce tsirensa suke so, da yajin nan nasa. Bai taɓa samun aiki irin wannan ba. Yajin da ke gida bai isa ko rabin sa ɗaya ba. Iya ta shiga ɗakin Inna, kai tsaye ta miƙa hannu bayan kwanoni ta ɗauko gwangwanin. Ashe ta daɗe da sanin wurin. Ta juye shi a cikin na kasuwa. Duk da haka bai isa ba.

Sai ta tsaya a kan Inna ta ce, "Ke, tashi. Mai goyo ke kwanciya. Ke me kike goyo?"

Babu wanda ya san awon yajin sai ita. Aka fito da turmi. Da farko a zaune ta jera kayan a faifai, sannan ta dafa turmin ta miƙe. Na ɗauki ƙaramar taɓarya ina taya ta, amma kimba ba ta jin dakan yaro. Na san sautin dakan Inna tun ina goye, mai sauri ne, har takan yi luguden wasa ta tafa hannu. Ran nan sai ta buga ɗaya, ta jingina da taɓarya, ta numfasa, ta sake ɗagawa. Ƙurar barkono ta sa ta tari, duk tari sai ta riƙe ciki. Na ga jini ya gangaro ta ƙwaurinta ya sauka a diddige. Ta ga na gani. Sai ta sa ɗaya ƙafar ta ja ƙasa ta rufe, don kada a ce ta ɓata tsakar gida kusa da abinci.

Ta gama kafin rana ta faɗi. Ta tankaɗe, ta ɗanɗana a harshe, ta ƙara gishiri kaɗan. Tsakin ta tattara mini a ƙoƙo, ta ce, "Na kwaɗonki."

Ranar biki tun daga gidanmu muna jin kalangu da lasifika, ana cewa talaka ya huta, zamanin danniya ya wuce. Hayaƙin gashi ya taso har Gyadi-Gyadi. Inna ba ta tashi ba ran nan. Washegari da hantsi ta cika, kanta a cinyata, ina kora mata ƙuda.

'Yan jam'iyya sun ji daɗin aiki, suka bar wa Baba ragowar nama mai yawa. Shi aka gasa ranar sadakar uku, da ragowar yajin. Ni aka aika da tire zuwa zaure. Wani dattijo ya ɗauki yanka, ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Malam, wannan yaji ba na wasa ba ne. Hannun wa?" Baba ya tashi ya shiga bayan gida. A cikin gida kuwa mata sun cika tsakar gida, kowa da nama a hannu, a daidai wurin da turmi ya tsaya. Wata ta ce wa Iya Allah ya ba da haƙuri. Iya ta ja carbinta ta ce, "Haƙuri ya zama dole. Shi dai yaron nan yanzu ba shi da wurin dawowa."

Kuna jira in ce ta ga sakayya. Ban gani ba. Tukubar Baba ce ta mutu a hankali bayan yajin ya ƙare, direbobi suka koma gaba. Iya kuwa ta yi tsawon rai. Da haƙoranta suka zube, Baba ke daka mata gasasshen nama kullum ya yi laushi, ya kai mata har tabarma. A ƙoshe ta mutu, ana ta yabon ibadarta. Malamai sun ce a yafe wa mamaci. Ina ƙoƙari, har yau ban iya ba.

Da na girma aka kai ni gidan miji a Tarauni, tela ne, mutum mai shiru. Ya shigo mini da tsire irin na sababbin aure, ina jin ƙamshin na fita da gudu na yi amai. Ya tambaye ni sau ɗaya, na gaya masa, bai sake tambaya ba. Tun daga nan duk mai tsiren unguwa ya san shi. In ya doso sai su ce, "Ga ban-da-yaji nan." Yakan yi murmushi ya karɓi nasa da gishiri kawai.

Ɗana na fari shi ma bai kai suna ba. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, na ce tawa ta zo. Sai na ji ana hura wuta a tsakar gida. Shi ne da kansa, tela da bai taɓa gasa ko masara ba, yana ƙona hanta gefe ɗaya, gefe ɗaya ɗanya. 'Yan'uwansa mata suna ta gunaguni, wai namiji a wurin jego, kuma jegon da babu ɗa. Ya miƙo mini kwanon, ya jawo tabarma ya zauna a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Ba zan tashi ba sai na ga bayan kwanon nan." Haka ya yi kullum har na yi arba'in.

Yanzu gonakin nan duk sun zama gidaje da shaguna, asibiti babba yana nan kusa, mai haihuwa in jini ya zuba ƙara mata ake yi. Yaji a leda ake sayensa, babu wanda ya san hannun da ya daka. Na gode Allah da wannan. Amma tabarmar ƙofata babu kowa a kanta, kuma babu mai tsayawa gaban tukuba ya faɗi kalmomin nan, "ban da yaji," saboda ni. Mijin nawa yana kwance a maƙabartar Tarauni, ya tafi da su.

To, kun dai ji. Ku ci tsirenku, Allah ya yi wa albashin albarka, amma ku ci a waje. Ni a tsinko mini zogale. Zan kwaɗa da kaina.