Kwaɗon Baffa

Ƙanin marigayi mijina ne. Yara na ce masa Baffa, manya kuma Jan Biro, a bayan idonsa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata maɗaba'a yana duba Turancin da za a buga, yana zagaye kuskure da jan alƙalami. Da wurin ya mutu ya dawo gida, amma hannu bai manta ba. Allon tela bai tsira ba, na mai aski ma haka. An ce likita na yi masa bayanin ciwon matarsa, ya katse shi don ya gyara masa kalma.

Bayan rasuwar yayansa ya roƙe ni shagon ƙofar gida zai koyar da yara Turanci. Na ba shi, na sa Auta a ciki. Allah ya sani ya iya aikin, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Kalmomin nan masu kama da juna, yana tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya ɗauki tsohon kwaɗon ƙofar shagon ya zura masa igiya. Duk yaron da ya yi kuskure a rataya masa a wuya, ya je gida da shi, ya kwana da shi, har sai ya kama wani ya yi tuntuɓen harshe. Yara suka koma farautar bakin juna.

Auta ce ta ɗauka. Yarinyar da ubanta ke kira Rediyo saboda surutu! Ta ji ƙawarta ta yi kuskure, ta ƙi faɗa. Sauran suka gane shiru ne mafita, kowa ya kama bakinsa, kwaɗo ya zauna a wuyanta. Tun tana magana kaɗan har ta daina, ko da Hausa. Da na zo yi mata kitso na ga igiyar ta ci ƙeyarta, wurin ya yi ja. Na cire kwaɗon daga wuyanta.

Ni ba mai hayaniya ba ce. Na yi alwala don zuciyata ta sauka, ba ta sauka ba.

Na same shi yana goge allo, na faɗa masa halin da Auta ke ciki. Ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, wata rana sai ta gode masa.

"Da wane bakin za ta gode maka, Baffan yara?" na ce. "Amanar yayanka ce ka rataya wa ƙarfe."

Ya fara kawo misalai. Na bar shi ya kwashe littattafansa, na ja ƙofa, na maƙala kwaɗon a jikinta, inda aka saye shi domin ya zauna. Makullinsa tun ranar jana'izar mijina yana bakin zanena.

Yanzu a barandar tela yake koyarwa, muna gaisawa. Auta ta fara magana, amma a hankali, tana duban fuskata kafin ta ƙarasa.